Wanda Ya Fara Ganin Kaka

Ana saura 'yan kwanaki bikina teku ya yi ja, uwata kuma ta ga abin da duk mazan ƙauyenmu suka ƙi gani. In na ce muku na yi alfahari da ita a ranar, na yi ƙarya. Ji na yi kamar in shaƙe ta.

Sunanta Lua. Aikinta sayen kifi a bakin ruwa da asuba, ta rataya kwanduna biyu a sanda, ta saɓa ta kai kasuwa. Da wannan sandar ta raine ni tun da teku ya tafi da babana, da ita kuma take korar karnuka da samarin da ba su yi mata ba. Toan, wanda zan aura, shi kaɗai ya tsallake sandar, shi ma sai da ya daɗe yana gaishe ta tana amsawa da hanci.

A ƙauyenmu, kamar sauran ƙauyukan masunta na gaɓar kudu, ba ma kiran manyan dabbobin teku masu huci ta tsakar ka da sunan da ke littafin makaranta. Malamai su ce dolfin, mu mu ce Kaka. In ƙarami ne, ko jiya aka haife shi, Kawu ake ce masa. Su ke tallabo jirgi idan guguwa ta kama shi, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da labarin wani nasa da Kaka ya turo gaɓa da rai. Saboda haka in Kaka ya mutu igiyar ruwa ta kawo shi, gawa ce ta zo, ba mushe ba. Wanda ya fara ganinsa shi ne babban ɗa. Shi zai ɗaura farin ƙyalle a ka, ya shige gaban akwatin gawa, a buga babbar ganga ta ɗakin bauta har ƙauyukan maƙwabta su ji su zo. Daga nan ya shiga makoki shekara uku cur. A shekarun nan gidansa ba kiɗa, ba biki, ba a aurar, ba a auro.

A da wannan sa'a ce. Sai a yi shekara da shekaru Kaka bai fito ba, in ya fito kuwa maza har dambe suke yi kan wanda ya riga gani, don an ce bayan makokin komarsa ba ta ƙara fitowa wayam.

Jan ruwa ma ba baƙonmu ba ne. Kusan kowace damina, in iskar kudu ta juyo, gansakukar teku takan taso ta rine ruwa, ta yi 'yan kwanakinta ta wuce. Amma na wannan shekarar ya zo ne da tabarmarsa. Ruwa ya koma kamar wanda aka wanke nama a ciki, kumfa mai yauƙi ta taru a gaɓa har gwiwa, wari kuwa ko ka rufe taga sai ya same ka a kan gado. Kifaye suka taso sama suna buɗe baki, kafin rana ta yi sun juya farin ciki. Ƙaguwa ta riƙa fitowa daga ruwa da ƙafarta tana mutuwa a kan yashi. Na ga kififiya babba, wadda maza biyu ba za su ɗaga ba, tana ta kewaya wuri ɗaya ta kasa nutsewa. Tsuntsayen da suka ci matattun kifin suna tangaɗi kamar masu dawowa daga gidan giya. Yara suka kama tari, idanunsu jawur.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya san bututun da ke amayar da baƙin ruwa daga tafkunan kiwon jatan lande na hayin kogi, kowa kuma ya san tun da aka ƙara faɗin tafkunan jan ruwan yake daɗa ƙarfi. Sai dai rabin ƙauyen a can yake aiki, sauran rabin a can yake sayen ƙanƙara. Mai tafkunan kuma baban Toan ne.

Sai labari ya zo cewa a wani ƙauye arewa da mu Kaka ya fito, an buga ganga, jama'a sun taru, masu ɗaukar hoto sun zo, bayansu motar hukuma da kwalaben ɗibar ruwa. Aka hana su sayar da kifi, dillalan birnin Saigon suka daina ɗaga musu waya. Daga ranar mazanmu suka kamu da ciwon ido. Mutanen da ke hango inuwar garken kifi tun daga nesa, sai ga su suna saukowa bakin ruwa da malfa a kan hanci, kowa na nazarin yatsun ƙafarsa.

Ran nan da safe ina gugar rigar biki, Inna ta shigo ba sanda ba kwanduna, wandonta jiƙe har ƙugu. Ta wuce gaban hoton babana ta kunna turaren tsinke, sannan ta juyo.

"Suong, ɗauko min farin yadin nan da ke ƙasan akwati."

Na ajiye dutsen guga. "Inna, me kika gani?"

"Kaka. Mace ce. Tana kwance bayan duwatsu."

"Wa ya ga kin gani?"

"Ni."

"Ba shi nake tambaya ba, kin sani! Akwai wani a wurin?"

"Da akwai," in ji ta. "Sun riga ni wucewa, sawunsu na nan a yashi. Ya zo miƙe, da ya iso wajenta ya yi baka, kamar na masu kauce wa kashin kare."

Na yi kuka, na yi ihu, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uwa. Na ce ni kaɗai ta haifa, kuma ta zaɓi kifi a kaina. Ta ce in wanke bakina, Kaka ba kifi ba ce. Na ce shekara uku fa, wa zai jira ni shekara uku? Ta ce wanda ba zai iya jira ba, ba sai an ba shi kujera ba. Tana faɗa tana yanka yadin da almakashi.

Kafin rana ta ɗaga Dattijo Bang, mai kula da ɗakin bauta, ya iso gidanmu yana janye da Ut. Ut tuzuru ne, ba mata, ba ɗa, ba jirgi, sai kwalbar giyar shinkafa da wata akuya da ke bin sa. An wanke masa fuska, an sa masa rigar wani.

"Ƙanwata Lua," in ji Dattijo Bang bayan ya kurɓi shayi, "an yi 'yar kuskure da safen nan. Ashe Ut ya riga ki. Tun kafin gari ya waye ya gan ta. Ut, faɗa mata."

Ut ya gyara murya. "Na ga Kaka. Da idona. A kwance."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Inna. "Kanta na kallon ina?"

Ut ya dubi Dattijo Bang. Dattijo Bang ya dubi kofinsa.

"Sama?" in ji Ut.

"Kai, Ut, kai da ko jirgin ruwa ya shigo ɗakinka da asuba sai dai a ba ka labari! Kwalba nawa suka yi maka alkawari?"

"Ba a kai ga tsayar da magana ba tukuna," in ji Ut, da gaskiyarsa.

Dattijo Bang ya ture kofin. "To bari in fito miki a mutum. Babban ɗa aka ce. Ɗa. Tun kakanninmu ba a taɓa ganin mace a gaban akwatin Kaka ba."

"Tun kakanninmu an taɓa ganin maza sun kewaye ta sun wuce? Kawo min namijin da ya gani, Yaya Bang, yanzu in ɗaura masa ƙyallen da hannuna. Amma wanda ya gani, ba wanda aka wanke wa fuska ba."

"Lua, ki ji tausayin mutane. In Ut ne, mu binne ta cikin mutunci, mu biyar ko shida, ba ganga ba taro, ba wanda ya ji. In ke ce, na san ki, sai kin tara mana duniya. Gobe motar hukuma tana nan, jibi an rufe mana kasuwa. Me yaran ƙauyen nan za su ci?"

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ba mugu ba ne. Jikokinsa suna cikin masu tarin.

"Yaran da kake tausayi, kifin ruwan nan kake so su ci?" in ji Inna. "Ka je ka duba bakinta, kumfa ce cike. Ba tsufa ya kashe ta ba, ba koma ba. Abin da ya kayar da Kaka, jikanka zai bari?" Ta nuna hoton babana da haɓa. "Wancan ba wanda ya ga gawarsa. Tun ranar nake roƙo, in ya fito a wata gaɓa, kada ya faɗa a kan mutane irinku."

Dattijo Bang ya tashi bai ƙarasa shayin ba. Ut ya shanye masa kafin ya bi bayansa.

Da azahar sai ga babur ɗin Mama Nga, uwar Toan, a ƙofar gida. Ta cire takunkumi, ta cire safar hannu yatsa bayan yatsa, ta zauna a bakin kujera. Mace ce mai magana a hankali, irin wadda kake gode mata sai ka isa gida ka gane zaginka ta yi.

"Uwar Suong, na ji kin yi babban baƙo. An yi miki barka. Sai dai kin san mai duba ya tsayar mana da rana, an raba katin gayya har Saigon. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya."

"Kunya ba ta taɓa hana ni barci ba," in ji Inna.

"Na sani, duk kasuwa ta sani. Shi ya sa ban zo roƙonki ki ce ba ki gani ba. Kin gani, naki ne, ki sha makokinki lafiya. Amma ai ba a ɗaura ƙyalle ba tukuna, ba a buga ganga ba. Ko uba ne ya mutu a gida, in biki ya matso, kin san abin da ake yi."

Na sani, Inna ma ta sani. Auren gudun makoki ake ce masa. A rufe gawa, a haɗiye kuka, a yi maza a ɗauki amarya ta shiga gidan miji, sannan a dawo a sanar da mutuwa. Ba abin alfahari ba ne, amma al'ada ta yarda da shi.

"Na biya wajen mai duba," in ji Mama Nga. "Gobe da safe ma yana da kyau, in dai yarinya ta tsallake ƙofarmu kafin rana ta take. Ƙanƙara da tamfol na adana gawar daga wajenmu."

Inna ta dube ni. Duk abin da ke cikina yana fuskata. Ina son Toan. Ina son yadda yake dariya kafin ya kai ƙarshen labarinsa, da yadda yake cire min ƙaya daga kifi ba tare da ya san yana yi ba. Ban ga dalilin da zai sa in rasa shi saboda laifin da ba ni na yi ba.

"Na yarda," in ji Inna. "Amma ba za ta kwanta ita kaɗai kamar marar dangi ba, ni zan zauna da ita. Kuma da 'yata ta tsallake ƙofarku, za a buga ganga."

"Ai komai a hankali ake bi," in ji Mama Nga, tana mayar da safar hannunta.

Da yamma Toan ya zo da motar ƙanƙara. Bayan sun sauke, muka tsaya a bayan gida wajen tulunan ruwa, shi yana ta murna kamar shi ya ƙirƙiro dabarar.

"Kin ga Mama? Na ce miki ki bar mata. Ta ce da kin shigo gidanmu magana ta mutu."

"Wace magana?"

"Maganar buga ganga mana. Ta ce Inna dai uwa ce, duk taurin kanta ba za ta tara wa surukanta hukuma a ka ba, alhali 'yarta tana cin shinkafar gidan. Sai a lallaɓa ta, a binne a hankali."

"Haka ta ce?"

"Haba, Suong, kada ki ɓata rai. Ai kowa ya huta ke nan. Ke kin samu, ni na samu, Baba ya samu, ƙauye ya samu."

"Bututun fa?"

"Jan ruwa tun kafin a haife mu ake yinsa," in ji shi, amma ba ni yake kallo ba, tulun yake kallo.

Ban yi masa faɗa ba. Na dai tsaya ina jin abin yana sauka a cikina a hankali. Ashe ba amarya za a ɗauka gobe ba, tsumma za a ɗauka a cusa wa uwata a baki. Abin haushin kuma, na san Mama Nga ta karanci Inna daidai. A gaban duniya dutse ce, a kaina kuwa ba ta da ƙashi. Duk da haka na koma ɗaki na ƙarasa gugata, don ina son auren.

Gari na wayewa Inna ta gyara min gashi, ta naɗa min rawanin amarya, ta ja kunnena ta ce kada in yi wa mutane rashin kunya a gidansu, in kuma suka yi min, in tuna hanyar gida ba ta da ƙaya. A wajenmu uwa ba ta raka 'yarta gidan miji. Ta ɗauki turarenta da tabarma ta nufi duwatsu, farin ƙyallen yana naɗe a aljihunta.

'Yan ɗaukar amarya suka zo da farantai rufe da jan ƙyalle, aka yi gaisuwa a gaban hoton babana a gurguje. Na fito cikin doguwar riga ja da farin wando, Toan a gefena cikin kwat da takalmin da ya saya a Saigon. Gidansu yana hayin kogi, kuma hanyar zuwa wajen jirgin fito ɗaya ce, ta bakin teku, ta gaban duwatsun.

Ban taɓa ganin rakiyar amarya irin wannan ba. Rana tana gabas ta wajen teku, saboda haka kowa ya sami hujja. Laima sama da ashirin, duk an karkatar da su wajen ruwa, muna tafe a bayansu kamar masu bin katanga. Ba mai waƙa, ba mai guɗa, sai tari da ƙarar matattun ƙaguwa a ƙarƙashin takalma. Dattijo Bang yana gaba yana cewa a ɗaga ƙafa, rana na gudu.

Da muka iso duwatsun na hango Inna zaune kusa da shuɗin tamfol, ruwan ƙanƙara yana tsiyaya daga ƙarƙashinsa. Ta ba teku baya, ta fuskanci hanya, ni take jira ta ga wucewata. Ta ɗaga min hannu, har da murmushi, ita da murmushinta ya fi nama tsada.

A nan na ji hucin.

Ba mai ƙarfi ba ne. Kamar mutum yana hura iska ta jiƙaƙƙen tsumma, ya tsaya, ya sake. Na san kowa ya ji, don laimomin sun ƙara sunkuyawa gaba ɗaya. Mama Nga ce ke riƙe da tawa. Na sa hannu na ture ta gefe.

Kawu ne, ɗan jariri, tsawonsa bai wuce hannuwana biyu a buɗe ba. Yana cikin jar kumfa daidai inda igiya ke karyewa, daura da tamfol ɗin. Igiya ta mirgina shi, ya yunƙura ya daidaita, ya juyo da kansa wajen duwatsun, wata igiyar ta sake kifar da shi. Ba sai an gaya min ɗan wa ne ba.

Mama Nga ta damƙi wuyan hannuna, farcenta ya shige ni. Muryarta kuwa kamar mai lallashin yaro.

"Ba ki ga komai ba, 'yata. Kumfa ce. Sunkuyar da kanki, amarya ba ta raba ido."

"Yana da rai," in ji Dattijo Bang da sauri, bai ko juya ba. "Ba a makokin mai rai. Ba abin da ya hau kan kowa. Ku wuce, ku wuce!"

Gaskiyarsa. Da mun wuce, ya mutu a bayanmu, ba ruwana. Jirgin fito yana can ina hango shi, injinsa a kunne.

"Suong," in ji Toan ƙasa-ƙasa, "don girman iyayenki. Taku kaɗan ya rage."

Na dube shi, na dubi bayan mutanen nan da suka san sunan kowace iska da kowane dutse a tekun, suna tsaye sun ba jariri baya yana shan dafi. Wani abu ya taso min tun daga tafin ƙafa. Ba tausayi ba ne kaɗai, fushi ne, irin wanda ban san ina da shi ba. Na fizge hannuna, na tuɓe takalma, na tattare rigar na shiga.

Ruwan yana da ɗumi da yauƙi, yana cizon fata. Kumfa ta kai min ƙirji kafin in kai gare shi. Na sa hannu ƙarƙashinsa na tallabo shi, na share masa ƙofar numfashin da ke tsakar kansa da hannun rigata. Bai yi gardama ba. Jikinsa sai karkarwa yake yi, ta tsaya, ta dawo. Na yi ta yi masa magana, ban san me nake faɗa ba. Na ji zuciyarsa tana bugawa a hannuna da sauri da sauri. Ya ja numfashi, ya fesa min jan ruwa a fuska. Na jira na gaba. Na daɗe ina jira.

Da na juyo da shi a ƙirjina, laimomin duk sun sauka.

Sai muryar Inna ta tsaga wurin. Ta taso daga tabarmarta tana gudu a kan yashi, tana dukan ƙirji.

"Ni na fara gani! Nawa ne! Tun asuba nake kallonsa, ni na fara gani! Ku haɗa min su biyu, uwa da ɗa, ƙyalle ɗaya ya ishe su!"

Dattijo Bang ya cafe maganar tun kafin ta faɗi ƙasa. "Kun ji! Kowa ya ji! Uwar ce ta riga. Yarinya taimako kawai ta yi."

"Mun ji," in ji mutane, har da waɗanda ke can baya.

"Fito, 'yata," in ji Mama Nga. "Miƙa wa uwarki. Akwai wata rigar a gida, rana ba ta take ba tukuna."

Duk ƙauyen ya haɗu ya buɗe min ƙofa. Inna ta iso bakin kumfa ta miƙo hannu biyu, fuskarta sharkaf da hawaye. Matar da jiya ta ƙi yin ƙarya don aurena, ga ta yau tana zuba ta a gaban jama'a da iyakar muryarta, don dai in wuce.

"Ba ni shi, Suong," in ji ta, yanzu a hankali. "Ba ni, ki tafi. Ba zan buga gangar ba ma in kina so. Tafi ki yi aurenki."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta gama min komai.

"Ƙarya kike yi, Inna," na ce, yadda na baya za su ji. "Bayanki kika ba teku. A hannuna ya cika. Ni na fara gani."

"Rufe min baki, shashasha!"

"Ba zan rufe ba. Baba Bang, ka ji ni? Ko kunnen ma ya kamu?"

Na ɗora Kawu a kan gwiwata, na kama bakin farin wandona da haƙori na yage, na ɗaure a kan rawanin amarya da hannu ɗaya. Ɗaurin bai yi kyau ba, amma ya zauna.

"A buga ganga," na ce. "Gawa biyu ce."

Kawu yana da nauyi fiye da yadda ido ya nuna, ƙafafuna kuma suna nutsewa a yashi. Na nemi Toan da ido.

"Toan, zo ka kama min wutsiyar."

Ya taho. Ba zan ci amanarsa ba, ya taho, har ya iso inda kumfa ta fara. Can ya tsaya, ya dubi takalminsa, ya waiwaya ya dubi uwarsa. Ita kuwa ta buɗe laimarta ta juya wajen jirgin fito. Masu farantai suka bi ta. Ya ƙara tsayawa kaɗan, bakinsa yana motsi, sannan shi ma ya bi su.

Na so shi a lokacin kamar yadda na so shi jiya, kuma abin ya yi min ciwo har cikin ƙashi. Amma ban kira shi sau biyu ba.

Inna ce ta shigo ruwan, tana zagina tun daga gaɓa. 'Yar banza, mai kunnen ƙashi, wadda ba a yi wa gata, wa kika gado da wannan baƙin taurin kai? Ta kama wutsiyar ta ɗaga. Muka fara takowa a hankali, ni da baya ita da gaba, injin jirgin fito yana nisa a bayanmu. Igiya ta zo ta dake mu, na yi tangal-tangal.

Ta daina zagin.

"Ɗaga kansa sama," in ji ta. "Kada ruwan nan ya sake shigar masa hanci."